Yadda na samu izinin ganin sirrin gwamnatin Amurka bayan na taɓa faɗawa shan ƙwaya

A Amurka mutum ba ya tashi da kansa ya nemi izinin ganin bayanan sirri na gwamnati. Sai wata hukuma, ko kamfanin da ke yi wa gwamnati kwangila, ya ɗauke ka aikin da ke buƙatar izinin, sannan shi ya miƙa sunanka. Ba ka biyan ko sisi na binciken, gwamnati ce ke ɗauke da kuɗinsa, kuma a ƙa'ida sai ɗan ƙasa ake ba wa, haifaffe ne ko wanda ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa daga baya irina. Matakan uku ne, Confidential da Secret da Top Secret, ni na tsakiyan aka nema mini, domin aikin kula da na'urorin sadarwa a wani kamfani da ke hulɗa da ma'aikatar tsaro. Abin da ya hana ni barci tun ranar da aka yi mini tayin shi ne tsohon tabon da nake ɗauke da shi. An taɓa yi mini aiki a baya, likita ya rubuta mini oxycodone, maganin kashe ciwo mai ƙarfi da ke kama jiki, takardar ta ƙare jikina bai haƙura ba, na ci gaba da nema a hannun mutane, har da tiramol da wani ya zo mini da shi daga gida. Na shiga jinya da ƙafata, na zame na koma sha sau ɗaya a tsakiyarta, sannan Allah Ya yaye. Ranar da na zauna cike fom, shekara biyu da wata biyu ke nan ban taɓa komai ba.

Matakin farko a ofishin jami'in tsaro na kamfani ne, wanda ake kira FSO. Shi ya buɗe mini shafin cike fom ɗin tarihin rayuwa da ake kira SF-86 a intanet, wanda a da ake yi ta e-QIP, yanzu kuma ta eApp. In an buga shi a takarda ya haura shafi ɗari. Kafin ka taɓa kwamfuta, sauke fom ɗin ka karanta shi kaf, ka tattara amsoshinka a gefe. Yana neman duk adireshin da ka zauna da duk wurin da ka yi aiki na shekara goma ba tare da giɓi ba, da mutum uku da suka san ka sosai. A nan ne namu ya fi na haifaffen Ba'amurke wahala. Sashe na 10 yana tambayar fasfon wata ƙasa, sashe na 18 iyaye da 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, na 19 abokan da ba 'yan ƙasa ba da kake hulɗa ta kusa da su, na 20 kuma fili ko gida ko asusun banki a ƙasar waje, da tafiye-tafiyen shekara bakwai, da tambayar ko ka taɓa tallafa wa wanda ba ɗan ƙasa ba da kuɗi. Kuɗin cefanen da kake tura wa mahaifiya duk wata ya shiga wannan tambaya. Da na kira gida neman ranar haihuwar Inna, sai Yaya ya ce, "Kai ma ka san babu takarda, abin da take faɗa shi ne ta yi wayo lokacin da aka samu 'yancin kai." Fom ɗin yana da ɗan akwatin da ake taɓawa a nuna cewa kwanan watan ƙiyasi ne. Yi amfani da shi, kada ka ƙirƙiro rana. Fasfon gida kuwa ba a tilasta maka ka yar da shi, amma dole ka bayyana shi, kuma da na Amurka za ka riƙa shiga ƙasar da fita.

Sashe na 23 shi ne na ƙwayoyi, kuma a kansa na kwana uku. Tambayoyinsa ba iri ɗaya ba ne, a nan mutane suke ruɗewa. Wasu suna tsayawa a shekara bakwai da suka wuce: ko ka sha abin da doka ta hana, ko ka saya ko ka karɓa ko ka miƙa wa wani, ko ka sha maganin asibiti ba bisa ƙa'ida ba, naka ne ko na wani. Wasu kuma ba su da iyaka, tun daga haihuwarka suke tambaya: ko an taɓa umartarka ko ba ka shawarar ka nemi jinya saboda ƙwaya, ko ka taɓa neman jinyar da kanka, ko ka taɓa sha alhali kana riƙe da izinin sirri. Kowace amsa ta "e" tana buɗe wasu guraben, watan farko da watan ƙarshe, sau nawa, a wane hali, sunan cibiyar jinya da adireshinta, ko ka kammala, da kuma ko kana da niyyar sake sha. Dokar tarayya ce ma'auni. Jihar da kake zaune ta halatta wiwi ko ba ta halatta ba, a wannan fom haram ce, kuma fom ɗin ya faɗi haka ƙarara. Akwai jimla guda a saman sashen da ya kamata kowa ya karanta sau biyu: amsar gaskiya da ka bayar a nan ba za a yi amfani da ita a matsayin hujja a kanka a shari'ar laifi ba. Ƙarya kuwa laifi ce ta tarayya mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Giya tana da nata sashe, na 24, da tambayoyi masu kama da waɗannan, kuma kunyar Musulmi ya amsa ya sha ba ta sauke masa nauyin amsawa.

Mu da aka raina da rufin asiri, hannu yakan ƙi rubuta irin wannan. Ya kamata ka san FSO yana duba fom ɗin ne kawai don ya ga an cike ko'ina, ƙa'ida ta hana shi kai labarin ga shugabanka. Na rubuta oxycodone, na rubuta jinya, na sa hannu a takardun izinin duba bayanaina na asibiti da na bashi, aka ɗauki zanen yatsuna ta na'ura cikin minti goma. Amma tiramol ɗin ban sa shi ba. A raina maganin ciwon jiki ne da na saba gani a kemis a gida. A Amurka kuwa tun 2014 yana cikin magungunan da doka ta ƙayyade, shan sa ba takardar likita laifi ne, karɓar sa daga hannun matafiyi kuma wani laifin ne dabam. Sai bayan na tura fom da kwana tara na gane haka, da na zauna ina karanta kundin jinyata na ga sunansa a shafi na biyu, da bakina na faɗa wa ma'aikaciyar da ta karɓe ni. Wannan kuskure shi ya fi kowanne tsada, kuma maganinsa mai sauƙi ne: nemi kundin jinyarka da jerin magungunan da kemis ya taɓa ba ka kafin ka cike fom, ba bayan ka tura ba. Ƙwaƙwalwar wanda ya yi rayuwa cikin maye ba abar dogaro ba ce wajen kwanan wata.

Cikin mako uku aka ce ba a ba ni izinin wucin gadi ba, wato wanda ake fara aiki da shi kafin a gama bincike. Ba a faɗin dalili, ba a kuma ɗaukaka ƙara a kansa. Gabana ya faɗi, na ɗauka an gama da ni, amma ba haka ba ne. Izinin wucin gadi na waɗanda fom ɗinsu ya fito fes ne, wanda ya amsa "e" a sashe na 23 ya sa rai ba zai samu ba. Abin lura a nan shi ne aikin kansa. In kamfani ya sallame ka ko ya janye buƙatarsa, binciken yakan tsaya inda yake ba tare da hukunci ba. Don haka tun da wuri ka tambaya ko akwai aikin da ba na sirri ba da za a ajiye ka a kai. Ni an ajiye ni a sashen gyaran kwamfutocin ofis.

A wata na uku mai bincike ta kira. Binciken yawancin ma'aikatan kwangila yana hannun DCSA, wata hukuma ta ma'aikatar tsaro, wadda ta karɓi wannan aiki a watan Oktoba na 2019. Muka haɗu a wani ƙaramin ɗakin taro, ta nuna mini katin shaidarta, ta duba fasfona biyu shafi-shafi, ta ajiye fom ɗina a gabanta da alamun rawaya a gefe. Kafin ta yi tambayar farko na ce ina da gyara, na miƙa mata takarda mai kwanan wata da na rubuta bayanin tiramol: yaushe, ƙwaya nawa, daga hannun wa a dunƙule, da dalilin da ya sa ban rubuta ba. Wannan tsari na gaba da baya yana da nauyi ƙwarai. Ƙa'idojin tantancewa sun bambanta wanda ya gyara da kansa kafin a tare shi da hujja da wanda sai da aka ƙure shi. Hirar ta ci awa biyu da rabi. Ba ta ɗaga murya, ba ta nuna ƙyama, rubutu kawai take yi. Ta tambayi yadda na fara, nawa nake kashewa a mako, ko na taɓa zuwa aiki ko tuƙi a cikin maye, ko har yanzu ina gaisawa da waɗanda suke kawo mini, da abin da zan yi in aka sake yi mini tiyata. Sai ta zo kan tambayar da ban shirya mata ba: wa ya sani? Dalilinta a fili yake, abin da kake ɓoyewa shi maƙiyi zai riƙe ka da shi. Matata ta sani, Yaya ya sani, shugabana bai sani ba. A makon na same shi na faɗa masa. Mai bincike ba ita ke yanke hukunci ba, rahoto take rubutawa, saboda haka roƙo ko neman tausayinta ba shi da amfani. Abin da ke da amfani shi ne kwanan wata madaidaici. Inda ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba. A ƙarshe na sa hannu a wata takardar izini ta musamman, domin dokar tarayya ta killace kundin jinyar shaye-shaye, cibiya ba ta sakin sa sai da rubutaccen yardarka.

Daga nan sai shiru na wata biyar. A cikin wannan shiru ne na zauna na karanta SEAD 4, takardar ƙa'idojin tantancewa da ta fara aiki a watan Yuni na 2017, wadda kowa zai iya samu a intanet. Ƙa'idoji goma sha uku ne, daga A zuwa M. H ce ta ƙwayoyi, G ta giya, E ta halin mutum da gaskiyarsa, B ta tasirin ƙasashen waje, F ta kuɗi. A ƙarƙashin H an jero hanyoyi huɗu da tsohon laifi ke sassautawa. Na ɗaya, abin ya daɗe da wucewa, ko bai yawaita ba, ko ya faru a yanayin da ba zai dawo ba. Na biyu, mutum ya amsa laifinsa, ya kawo shaidar matakan da ya ɗauka, ya rabu da abokan sha da wuraren sha, ya kuma sa hannu a takardar alkawarin ƙaurace wa ƙwaya, yana mai yarda cewa in ya koma a ƙwace izinin. Na uku, maganin asibiti ne da aka rubuta masa a wata doguwar jinya ko mai tsanani, kuma ya daina. Na huɗu, ya kammala shirin jinya har da bibiyar bayansa, bai koma ba, kuma ƙwararren likita ya ba da kyakkyawan hasashe. Babu inda aka rubuta shekara kaza ce ta wadatar. Abin da doka ta toshe kai tsaye, tun gyaran dokar da ake kira na Bond a 2008, shi ne ba da izini ga wanda yake kan sha yanzu ko wanda ƙwaya ta kama shi ya kasa dainawa. Na kuma karanta hukunce-hukuncen DOHA, ofishin da ke sauraron ƙararrakin ma'aikatan kwangila, waɗanda ake wallafawa ba sunaye. Wanda ya karanta talatin a cikinsu zai ga abu ɗaya yana maimaituwa: alƙali yana sassauta wa tsohon sha, amma yana tsananta wa wanda ya ɓoye a fom, da wanda ya sake sha bayan ya cike fom, da wanda ya zo da baki ba takarda.

Saboda haka na shiga tara takarda. Na biya dala 120 aka yi mini gwajin gashi, wanda ke nuna kimanin kwana casa'in baya, saɓanin na fitsari da ke nuna 'yan kwanaki, na kuma maimaita shi duk wata uku a ɗakin gwajin da ke rubuta yadda samfur ya bi hannu zuwa hannu. Gwajin da ka saya a kemis ka yi a gida ba hujja ba ne. Na nemo takardar kammala jinya, da rajistar halartar zaman bibiya, da jerin kemis na buprenorphine, maganin yaye mutum daga irin wannan ƙwaya, da likita ya ɗora ni a kai na wata takwas har aka janye shi a hankali. A wata na takwas tambayoyi suka zo a rubuce daga masu tantancewa, haɗe da taƙaitaccen rahoton hirata, aka ce in karanta in tabbatar ko in gyara. Kada ka yi gaggawar sa hannu a nan. A nawa an rubuta watan shan ƙarshe a matsayin watan da na shiga jinya, alhali zamewar ta zo bayan wata uku. Kuskuren yana yi mini daɗi, domin ya ƙara mini kwanakin tsarki, amma kundin cibiya zai ƙaryata shi. Na gyara.

A wata na goma sha ɗaya takardar dalilai ta iso ta hannun FSO, wadda ake kira SOR. Ita ce ke cewa gwamnati ba ta gamsu ba, ga zarge-zarge an jero da lamba. Nawa biyar ne a ƙarƙashin H, ɗaya a ƙarƙashin E saboda tiramol. Maganar dangi a gida ba ta fito ba, duk da an tambaye ni sosai a hira. Kwana ashirin ake bayarwa daga ranar da ka sa hannun karɓa, ana iya neman ƙari a rubuce da dalili, wanda kuma ya yi shiru an hana shi ke nan. Amsar dole ta bi zargi ɗaya bayan ɗaya, "na amsa" ko "na musanta," da bayani, a yi rantsuwa a gaban mai hatimin shaida, wanda ake samu a yawancin bankuna. A cikin amsar ce kake zaɓar a yi zaman sauraro a gaban alƙali, ko a yanke hukunci bisa takardu kawai. In ka zaɓi takardu, lauyan gwamnati zai aiko maka da kundin hujjojinsa, a ba ka kwana talatin ka mayar da martani. A ganina wanda maganarsa ta shaye-shaye ce da farfaɗowa ya zaɓi zama, domin tambayar da ke gaban alƙali ita ce ko za a yarda da kai, kuma wannan sai ya gan ka ya ji ka. Ba a ba ka lauya kyauta, doka kuma ba ta tilasta ka ɗauka ba. Ni na ɗauki wanda wannan fanni ne sana'arsa, na biya dala 6,500 daga amsa har zama. Na kuma biya dala 900 ga wata ƙwararriya kan shaye-shaye, na ba ta SOR da kundin jinya duka ta karanta kafin ta gan ni. Wannan ma darasi ne: rahoton likitan da bai san dukan tarihin ba, labarinka kawai ya ji, lauyan gwamnati zai rushe shi da tambaya ɗaya.

An yi zaman a wata na goma sha shida, ta bidiyo, bayan sanarwar da ƙa'ida ta ce kada ta gaza kwana goma sha biyar. Fuskoki huɗu ne a allo ban da tawa: alƙali, lauyan gwamnati, lauyana, da mai ɗaukar rubutun zama. Gwamnati ta fara shigar da hujjojinta, mu muka shigar da namu an yi musu alama da haruffa. Na amsa dukan zarge-zargen H, don haka nauyin ya dawo kaina gaba ɗaya. Ba kamar shari'ar laifi ba ce inda kokwanto ke amfanar wanda ake zargi. A nan duk kokwanto yana komawa ɓangaren tsaron ƙasa, kuma tun 1988 kotun ƙoli ta ce babu mai haƙƙin a ba shi wannan izini. Lauyan gwamnati ya fi daɗewa a kan zamewar: me ya jawo ta, wa na fara faɗa wa, me ya canza. Na ce rasuwa aka yi mini a gida ban samu zuwa ba, na sha kwana huɗu, a rana ta biyar na faɗa wa mai kula da ni kafin a yi gwaji, kuma kundin ya nuna haka. Shaidu biyu na kawo, shugabana da matata. Tambayar farko da aka yi wa kowannensu ita ce ko ya karanta SOR. Shaidar da bai san zargin ba, komai yawan yabon da ya yi maka, ba ta da nauyi. Haka ma wasiƙun shaidar hali, har da ta limamin masallacinmu, sai da kowace ta ambaci cewa marubucinta ya san matsalar. Zaman ya ɗauki awa uku.

Hukunci ya zo a rubuce bayan wata biyu, an ba ni. Alƙali ya dogara da dalilin tiyata, da kammala jinya, da gwaje-gwaje, da takardar alkawari, da cewa a ranar zaman na kai kimanin shekara uku da rabi ban sha ba. Jiran da ya dame ni ashe yana ƙara mini hujja, tunda kowane wata yana da takardarsa. A kan E kuma ya karɓi gyaran da na yi kafin a tare ni. Da an hana, da ina da kwana goma sha biyar in shigar da ɗaukaka ƙara, amma kwamitin ɗaukaka ƙara ba ya karɓar sabuwar hujja, kuskuren alƙali kawai yake dubawa, shi ya sa duk abin da kake da shi ka zube shi a zaman farko. Wanda aka hana har ƙarshe sai bayan shekara guda kamfani zai iya sake gabatar da shi.

Bayan an ba ka ma ba a rufe littafi ba. Za ka sa hannu a SF-312, alkawarin riƙe sirri, sannan ka shiga tsarin da na'ura ke bibiyar bayanan 'yan sanda da na bashi da na tafiye-tafiye ba tsayawa. Tafiya gida sai ka sanar tun kafin ka tashi, kamun 'yan sanda ko sabuwar jinyar shaye-shaye kuma dole ka kai rahoto da kanka. A guji man CBD, wanda ake tatsowa daga tsiron wiwi, da ake sayarwa a kantuna, domin sanarwar shugabar hukumomin leƙen asiri ta Disamba 2021 ta yi gargaɗin cewa abin da aka rubuta a kwalba ba lallai ya zama gaskiya ba, yana iya fitowa a gwaji. Maganin matarka ko na abokinka, ko ƙwaya ɗaya ce, ba naka ba ne. Da aka zo cire mini haƙori bara, tun kafin in hau kujera na faɗa wa likitan tarihina, ya rubuta ibuprofen, na karɓi kwafin takardar na sa a jakar da nake ajiye SF-86 ɗina, domin duk fom ɗin da zan sake cikewa nan gaba da wannan na farko za a gwada shi.